Foldar da Mutum Biyu Kaɗai Ke Buɗewa

Ranar da ta fara zuwa maɗaba'ar, tana rungume da kwali mai nauyi, ga naɗin kebul a kafaɗa, wani saurayi mai tabon tawada a hannun riga ne ya riƙe mata ƙofa.

"Na gode. Don Allah ina ofishin Manaja?"

Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Leɓɓansa suka yi rawa, ya runtse ido.

"Ca… ca… can," ya ce da ƙyar, ya nuna da yatsa, ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ta bi shi da kallo, amma ba ta da sararin tunani. Wannan ne aiki na farko da kamfaninsu ya turo ta ita kaɗai, kuma da za ta fito shugabanta ya ce, "Kar ki ba ni kunya."

Maɗaba'ar ta wani dattijo ce da kowa ke kira Maigida. Injin bugu na ruri a ɗakin baya, warin tawada da sabuwar takarda ya cika ko'ina. Kwamfutoci bakwai ne, kowane ma'aikaci da filash ɗin ajiye fayiloli rataye a wuya. Aiki ɗaya sai ka same shi kwafi biyar, ba wanda ya san na ƙarshe. A watan da ya wuce sun buga katin taron wasu da tsohon kwanan wata, shi ya sa Maigida ya ce a nemo masu gyara.

Abin da ke cikin kwalin sabar ce, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe fayilolin kowa wuri ɗaya. Kwana uku tana jan kebul, tana rarrafe a ƙarƙashin tebura. Tun a ranar farko suka raɗa mata suna Injiniya.

Ta buɗe folda uku: Sabbin Ayyuka, Zane, da An Amince. Ta tara ma'aikatan ta yi musu bayani.

"Masu karɓar aiki ku zuba a ta farko. Mai zane ya ɗauka, ya yi aikinsa a ta biyu. Mai inji kuwa ta uku kaɗai zai gani, kuma karantawa kawai zai yi, ba zai iya gogewa ko canzawa ba."

"Wato ni ne ba a yarda da ni ba?" in ji mai inji, aka kwashe da dariya.

Ta buɗe wa kowa asusunsa, ta rubuta kalmomin sirri na wucin gadi a takarda ɗaya, ta miƙa wa Manaja ya raba musu.

"Kowa ya canza tasa yau ɗin nan," ta ce.

Manajan ɗan 'yar'uwar Maigida ne, mutum mai ƙamshin turare da zaƙin baki. Ya karɓi takardar yana murmushi.

"An gama, ranki ya daɗe. Wanda ya ƙi bin umarninki ni da shi ne."

Da yamma tana cikin mota saƙo ya shigo, ta lambar da ta manna a jikin sabar domin masu neman taimako.

"Barka da yamma, Injiniya. Ni ne mai zanen da ya kasa gaya miki ofishin Manaja. Foldar Zane ta ɓace daga kwamfutata. Sannan ba girman kai ba ne, i'ina ce. A rubuce kuwa na fi aku surutu."

Ta yi dariya ita kaɗai har matar da ke gefenta ta waiwayo.

Washegari ta je ta mayar da foldar. Bayan kwana biyu ta sake ɓacewa. A karo na uku ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Malam Shiru, folda ba ta da ƙafa. Kai kake cire ta."

Ya ɗauki wayarsa, ya yi rubutu, ya juyo mata da fuskar wayar.

"Na amsa laifina. Ban san wata hanyar da zan sa ki dawo ba."

Daga nan aka ɗora. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashin ta.

"Mai Makullai, kin tashi lafiya? Yau na zana fure a bangon wani littafi, mai littafin bai ce a saka ba. Laifinki ne."

"Ka cire kafin a kore ka. Ka karya?"

"Na karya. Amma ban ƙoshi ba tunda ban gan ki ba."

In sun haɗu kuwa, ta koyi abu ɗaya: kada ta ƙarasa masa magana. Takan jira har kalmar ta fito da kanta, ko da za ta ɗauki minti guda. Wata rana ya ce mata, da bakinsa, a hankali, ita ce mutum ta farko bayan mahaifiyarsa da ba ta taɓa kallon agogo yana magana ba.

Sai dai ba shi kaɗai ya gan ta ba. Manaja ma ya sa ido, kuma shi bai tsaya saƙo ba. Ashe ya san yayanta, ta nan ya bi har ya kai ga gaishe da Baba, mahaifinta. Baba tsohon tafintan kotu ne, mutumin da ke auna mutane da bakinsu. Manaja ya zauna ya zuba masa zance kamar ruwa, Baba ya raka shi har ƙofa yana cewa, "Wannan yaro ya iya zama da manya."

Tun daga ranar ta rasa sukuni.

Ana haka wata makaranta ta kawo wa maɗaba'ar aikin buga takardun jarrabawa. Maigida ya kira ta da kansa.

"'Yata, wannan amana ce. Ina son folda da ba mai buɗewa sai mutum biyu, Manaja da Mai Zane. Ko ni kar ki saka."

Ta buɗe foldar, ta sa mata suna Jarrabawa, ta cire kowa daga jerin masu izini ta bar su biyun. Ta kunna rajistar da ke rubuta duk wanda ya buɗe fayil ko ya kwafa. Ta gwada daga kwamfutar mai inji, ta ƙi buɗuwa. Ta sake gwadawa sau biyu kafin hankalinta ya kwanta.

A wannan makon ne kuma, ranar Asabar, Mai Zane ya zo gaishe da Baba. Maɗaba'ar na tashi ƙarfe biyu ran Asabar, shi kuma ya iso ƙarfe huɗu, cikin kaya masu karin guga, gumi na tsattsafo masa.

Tana laɓe a bayan labulen falo, hannunta a ƙirji.

"Ɗan wane ne kai?" Baba ya tambaya.

Shiru. Ta ji numfashinsa yana sarƙewa. Sunan mahaifinsa, sunan da ya faɗa sau dubu, ya ƙi fita. Baba ya sake tambaya, abin ya ƙara cakuɗewa. Haka aka yi awa ɗaya da rabi, Baba na tambaya, amsa na fitowa gutsi-gutsi.

Bayan ya tafi, Baba ya kira ta.

"Auta, ban ce yaron nan mugu ba ne. Amma shekara talatin ina kotu, na ga masu gaskiya sun faɗi saboda sun kasa magana. Ranar da kike kwance a asibiti, wa zai yi wa likita bayani? Ranar da aka taka ki, wa zai tsaya miki? Ban yarda ba."

"Baba, don Allah…"

"Na gama magana."

Umma ta ja ta ɗaki, ta rungume ta. "Ki bar shi ya huce. Kin san mahaifinki, ba a tarar sa gaba da gaba."

Saƙonsa ya shigo kafin ta share hawaye.

"Na faɗi jarrabawar, ko? Kar ki ɓoye min, Zuciyata."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. A ƙarshe ta tura, "Muna tare. Ka yi haƙuri."

Ashe babbar jarrabawar na gaba. Ranar Talata da hantsi Maigida ya kira ta.

"Ki zo yanzu."

Ta tarar da injin a kashe, abin da ba ta taɓa gani ba. Ma'aikata duk a tsaye. Tambayoyin jarrabawar sun fita, an gan su a wayoyin ɗalibai, shugabar makarantar ta ce in ba a fito da wanda ya yi ba za ta kai ƙara.

"Kin ce na'urarki na rubuta komai," in ji Maigida. "Buɗe mu gani."

Ta zauna gaban sabar, ta shigar da kalmar sirrinta. Manaja ya tsaya a bayanta, turarensa ya cika mata hanci. Shafin taƙaitaccen bayani ya fito. An kwafi fayil goma sha biyu daga foldar Jarrabawa ranar Asabar.

"Da asusun wa?" Manaja ya tambaya. "Karanta mana, Injiniya."

Ta kalli sunan. Ɗakin ya juya mata. Ta so ta ce ba ta gani sosai, ta so wuta ta ɗauke. Amma kowa na jira.

"Na Mai Zane," ta ce, da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Maigida ya juya gare shi. "Kai ne?"

"Ba… ba… ba…"

Ya buga ƙafa a ƙasa, jijiyar wuyansa ta tashi, kalmar ta ƙi fita.

"Kawu, ka gani," in ji Manaja a hankali. "Mai gaskiya ba ya neman magana."

Aka ce ya tattara kayansa ya zauna a gida har a gama bincike. Da zai fita ya kalle ta sau ɗaya, ita kuwa ta kasa ɗaga ido.

Da ta koma gida ta zauna a bakin gado da wayar a hannu. Ya yi aiki ranar Asabar da safe, wannan ta sani. Asusunsa ne, wannan ma ta gani da idonta. Shaiɗan ya yi ta kitsa mata: wa ya san abin da ke cikin mai shiru? Kafin ta ankara ta tura.

"Ka gaya min gaskiya, kai ne?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Kin tambaya. Shi ke nan."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta tura saƙo biyar, shiru. Kwana biyu ba ta iya cin abinci ba, Umma na ta bin ta da ido. Manaja kuwa ya turo nasa: "Allah ya rufa miki asiri da wuri, ranki ya daɗe. Ina nan in kina bukatar kafaɗa." Ta kife wayar.

Ranar Alhamis ta koma maɗaba'ar da sassafe, ta ce wa Maigida za ta fitar da cikakkiyar rajista don rahoto. Ita kaɗai a ɗan ɗakin sabar, ba mai tsaye a kanta. Ta bi layi-layi da yatsa.

Asabar, ƙarfe huɗu da minti arba'in na yamma.

Ta miƙe tsaye ba ta sani ba. A wannan lokacin yana zaune a falonsu, yana kokawa da sunan mahaifinsa. Ta duba lambar kwamfutar da aka shiga da ita. Ba tasa ba ce. Ta ofishin Manaja ce.

To ta yaya aka shiga da asusunsa? Ta buɗe bayanan asusun. Akwai ɗan akwatin da ake dannawa don na'ura ta tilasta wa mutum canza kalmar sirri a shigarsa ta farko. Ba ta danna ba. Ta manta, ta dogara da faɗa musu da baki. Kalmar sirrinsa tana nan yadda ta rubuta ta a takardar da ta miƙa wa Manaja da hannunta.

Ta rubuta masa tana kuka.

"Na cuce ka sau biyu. Na yi zargin ka, kuma kuskurena ne ya buɗe ƙofar. An kwafi fayilolin ƙarfe huɗu da arba'in, kana gidanmu. Ka zo ka gaya wa Maigida inda kake. Me ya sa ba ka canza kalmar sirrinka ba?"

Wannan karon ya amsa nan take.

"Ke kika zaɓa min ita, shi ya sa na bar ta. Wauta ce, na sani. Amma ba zan faɗi inda nake ba. In suka ji ina neman aurenki, za su ce kin gyara rajistar don ki wanke ni. Za a kore ki, kuma ba kamfanin da zai sake ba ki amanar na'urarsa. Ni zan sami wani wurin zane. Ki bar shi a haka, Mai Makullai. Na yafe miki tambayar."

Ta karanta sau uku. Sannan ta buga rajistar a takarda, ta nufi gida kai tsaye.

Baba na zaune a falo da jarida. Ta durƙusa a gabansa, ta zayyana masa komai, har kuskurenta, sannan ta miƙa masa wayar. Ya gyara tabarau. Ya karanta saƙon a hankali, ya koma farko ya sake. Ta jira faɗa. Ta jira ya ce dama ya gaya mata.

"Ƙarfe nawa kika ce?"

"Huɗu da arba'in, Baba."

"Huɗu da rabi nake shan maganina. Shi ya miƙo min kofin ruwa." Ya ajiye jaridar. "Ɗauko min hulata."

Suka kama hanyar maɗaba'ar. Ita dai lissafi take yadda za ta gaya wa shugabanta.

A ofishin Maigida, Baba ya sa aka kira Manaja. Manaja ya shigo da fara'a, har da durƙuso.

"Baba, kai ne da kanka? Da ka aiko ai da na zo."

Baba bai kalle shi ba. Ya fuskanci Maigida.

"Ni ne mahaifin yarinyar nan. Yaron da kuka dakatar yana falona ranar Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi. Ya zo neman aurenta, ni kuma na hana shi. Saboda haka ba ni da dalilin kare shi. Na zo ne don na san hukuncin mai ɓoye shaida."

Ta ajiye takardar a kan tebur, ta nuna lokacin, ta nuna lambar kwamfutar.

"Kuskurena ne, Maigida. Ban tilasta canza kalmomin sirri ba, kuma duk suna cikin takarda ɗaya. In ba ka yarda da ni ba, ka kira kowane injiniya ya duba, ban taɓa komai ba."

Maigida ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗago.

"Wa ke da makullin ofishinka ban da kai?"

"Kawu, ai… wato… na'ura tana iya…"

"Na ce wa ke da makullin?"

Manaja ya sunkuyar da kai. Bakin nan mai zuba kamar ruwa ya ƙafe. Daga baya ya amsa cewa wani abokinsa ne ya matsa masa don ɗansa, bai zaci abin zai bazu ba. Maigida ya karɓi makullan a hannunsa, ya ce shi da kansa zai kai shi gaban shugabar makarantar.

Ita ma ba ta tsira haka kawai ba. Shugabanta ya wanke ta tas, ya ba ta takardar gargaɗi, ya sa ta koma ta sake duba kowane asusu da kowace folda a gaban wani babban injiniya. Amma da za ta fita ya ce, "Da kin ɓoye, da yau ne ƙarshen aikinki."

Mai Zane ya dawo bakin aiki ran Litinin. Mai inji ya ɗaga shi sama yana ihu. Da ta zo kusa da teburinsa ta kasa magana, sai shi ne ya yi.

"Ki… ki daina kuka. Ta… tawada za ta jiƙe."

Ranar Asabar ta gaba Baba ya aika a kira shi. Ta sake laɓewa a bayan labule.

"Zauna, ɗana," in ji Baba. "Rannan ni na yi gaggawa. Na yi ritaya, ba inda za ni. Faɗi abin da ya kawo ka, ko za mu kai gobe."

Ya ɗauki lokaci. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya sake farawa. Baba bai katse shi ba, bai taya shi ba. A ƙarshe maganar ta fito cikakkiya: yana son Auta, yana roƙon a ba shi aurenta, kuma zai riƙe ta amana.

"Na ga yadda kake riƙe amana," in ji Baba. "Na ce ba za ka iya tsaya mata ba, ka tsaya mata tun ba ta zama taka ba. Turo manyanka."

Umma da ke bayanta ta dafa kafaɗarta, su biyun suka fashe da kuka.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da yamma, da za a kai ta, Baba ya zaunar da su biyu a gabansa, 'yan'uwa sun cika falon har tsakar gida. Maigida ma ya zo, shi da mai inji.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku rufa wa juna asiri, ya ba ku zuriya mai jin ƙai, ya sa tsufa ya riske ku a ɗaki ɗaya."

Jama'a suka amsa baki ɗaya. Baba ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Ta ango nake jira."

Falon ya yi tsit. Ango ya runtse ido, leɓɓansa na rawa. Ta laluba ta riƙe gefen rigarsa. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya motsa.

"A… a… amin," ya ce.

"Amin," in ji amarya a hankali, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya.